Direban da ya bi ta cikin rafi shi ke rufe wa kowa hanya

Wani ƙanena ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, wai in ga aikin maza. Motoci ne ƙirar Hilux, samari cike da bayansu, sun gangara wani rafi ana tsakiyar damina. Da tsallakewa suka yi da ban ce uffan ba. Sai suka karya kan mota suka bi tsakiyar rafin, suna taka totur, ruwa na tashi har saman gilashi. Da suka gaji, suka zaɓi inda gaɓa ta fi tsayi suka haura, taya na kartar ƙasa, gaɓar na zubowa cikin ruwa, mai ɗaukar hoton na ta zuba musu kirari.

A gefen hoton an ɗan hasko wata yarinya tsaye da bokiti a hannu, tana kallon ruwan da ya koma ja wur. Babu wanda ya ambace ta a cikin masu yabon motocin.

Na kira shi na ce wannan ai ɓarna ce. Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, ruwa ne fa, yanzu zai wuce."

To ga inda na tsaya. Duk direban da ya bar sawun hanya ya bi cikin rafi don nishaɗi, ko ya fasa sabon mashigi don gudun taɓo, shi ne ke jawowa a rufe hanyar ga kowa, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Kuma direbobi ne ya kamata su fara tsawata wa junansu, tun kafin hukuma ko masu gonaki su yi musu hukuncin da ba za su so ba.

"Ai ruwa ne, zai wuce"

Ruwan zai wuce, gaskiya ne. Gaɓar da aka rusa ce ba ta dawowa.

Abin da ke riƙe bakin rafi saiwa ce, ta ciyawa da jema da ƙananan itatuwa. Taya in ta haura gaɓa tana juyawa a wuri ɗaya, saiwar take yankewa, ta kuma bar sawu biyu a miƙe daga tudu zuwa ruwa. Ruwan saman da zai biyo baya ya samu magudana a sama. Bana sawun taya ne, baɗi ya kai gwiwa, nan da 'yan shekaru yara na kiran wurin kwazazzabo, ba wanda zai tuna mota ce ta fara shi.

Ƙasar da ta zube kuma ba ɓacewa take ba. Tana tafiya ta kwanta inda ruwa ya lafa, wato a guraben nan masu zurfi da ke riƙe ruwa har cikin rani, inda kifi ke fakewa, inda mai lambu ke jefa tiyon injin ban ruwansa. Gurbi ya cike, rafi ya yi faɗi ya rasa zurfi, ya ƙafe tun kafin albasa ta ƙosa. Mai lambu zai ce ruwan bana bai yi auki ba, alhali ruwan ya zo, wurin zama ne bai samu ba.

Sai kuma abin da ke ƙarƙashin mota. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin tsohuwar a-kori-kura ya san baƙin mai da giris da ke daskare a wurin. Rafi ne ke wanke su.

Wanda bai taɓa ɗiban ruwa a irin wannan rafi ba, ya je ya tsaya ƙasa da mashigi bayan mota ta wuce. Zai ga mata sun ja baya sun tona ɗan rami a cikin yashi, sun zauna suna jira ruwa ya tsattsafo, suna kwarfa da ƙoƙo a hankali don kada ramin ya rufta. Mai hali ta jefa alam a bokiti idan ta koma gida. Marar hali ta bar shi ya kwana. Ana cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a rafi bakin wanda ke ƙasa da kai ne ke ƙonewa.

Mai gudun taɓo

Samarin bidiyo ba su da yawa, kuma laifinsu a fili yake. Wanda ya fi damuna shi ne direban kirki, mai iyali, mai salla a kan lokaci, wanda ya iso gangaren rafi ya tarar da caɓi a tsakiyar hanya, ya ce bari in ɗan raɓa ta gefe. Na bayansa ya ga gefen ma ya fara lalacewa, ya ƙara matsawa. Kafin damina ta fita, hanyar da faɗinta bai wuce na mota ɗaya ba ta zama fili mai sawu barkatai, gefenta ɗaya a cikin gonar gyaɗar wani.

Mai gona zai yi magana sau ɗaya, sau biyu. Daga nan sai ka wayi gari ka ga ƙaya a jibge, ko kututture a gicciye, ko an haƙa rami da daddare. A kai ƙara wurin mai unguwa, a yi ta ka-ce-na-ce, a ƙarshe mutanen gari su ce to daga yau mota ba ta ƙara bi ta nan, a zagaya ta babban titi. Haka hanya ke rufuwa a karkararmu. Ba allo, ba takardar gwamnati. Kuma ranar da aka gitta kututturen, ba ya tambayar wace mota ce ta shiga gona, wace ce ta ɗauko marar lafiya.

Wani zai ce daji ne fa, fili ne na Allah, ina laifin ɗan kaucewa? Mutanen Nijar na da amsar wannan. A hamadar Tenere akwai wata bishiyar ƙaya da ta tsaya ita kaɗai, a yi tafiya mai nisa ta kowace fuska ba a ga wata ba, ayarin raƙuman gishiri masu zuwa Bilma na shaida hanya da ita. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. Gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai, a inda take tsaye a da kuma an kafa ta ƙarfe. Duk faɗin Tenere bai isa direba ɗaya ba.

Hanyoyi biyu a Amurka

A Amurka hawan mota a daji wasa ne da ke da ƙungiyoyi da bukukuwa da kasuwa mai kauri, don haka sun riga mu shiga wannan rigima, kuma ta su a rubuce take. Hanyoyi biyu sun shiga matsala iri ɗaya a shekara ɗaya, 2009, suka ƙare daban.

Ta farko ita ce Upper Tellico, a gandun dajin Nantahala da ke jihar Karolina ta Arewa. Asalinta hanyoyin masu yankan katako ne, waɗanda aka tsaga don jawo gungume daga kan tsauni, ba don su daɗe ba. Da dajin ya koma hannun gwamnati sai aka bar su ga masu motocin daji, tsawon mil 39, wajen kilomita 63. Wurin ya yi suna, ana zuwa daga jihohi masu nisa, masu masauki da gidajen abinci na garin Murphy da kewaye na samun ciniki.

Sai dai yankin na shan ruwan sama sosai, ƙasarsa mai saurin zaizayewa ce, hanyoyin kuma da yawansu na gab da ƙoramun da ke haɗuwa su zama kogin Tellico. A cikin ƙoramun akwai wani kifin ruwan sanyi, jinsin trout, ɗan asalin wurin, wanda ke zuba ƙwai a tsakanin tsakuwa. Laka in ta rufe tsakuwar, ƙwan ya rasa iska ya mutu. A 2007 ƙungiyar masu kamun kifi ta Trout Unlimited da wasu ƙungiyoyin kare muhalli suka sanar da Hukumar Gandun Daji cewa za su kai ta kotu saboda lakar da ke kwarara cikin ruwa. A watan Oktoba na 2009 hukumar ta yanke shawarar rufe hanyoyin baki ɗaya. Masu motoci sun yi ƙorafi, sun ɗaukaka ƙara, hanyar ba ta sake buɗuwa ba.

Ba kuma ƙarfa-ƙarfa hukumar ta yi ba. Tun 1977 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a wani umarni da ya wajabta wa hukumomin filayen gwamnati rufe duk wurin da irin waɗannan motoci ke yi wa ƙasa, tsirrai ko namun daji mummunar illa. A lokacin dokar na nan tana jira, direbobi ne suka kawo mata hujja.

Ta biyu ita ce Rubicon, a tsaunukan Sierra Nevada na jihar Kalifoniya, yamma da tafkin Tahoe. Mil 22 ce, wajen kilomita 35, kuma tun 1953 ake taron masu jif a kanta duk shekara. Kamfanin Jeep ma ya ari sunanta ya sa wa wata ƙirar motarsa. A 2009 hukumar kula da tsabtar ruwa ta yankin ta ba ƙaramar hukumar El Dorado da Hukumar Gandun Daji umarnin su tsabtace hanyar, saboda abu uku: laka, man mota da ke zuba, da ba-hayan masu yada zango. I, har wannan. Mutane masu motocin miliyoyi, amma suna juya baya a bakin ruwa.

Nan ma ana iya rufewa. Abin da ya bambanta shi ne masu hawan hanyar sun riga sun haɗa kansu tun 2001 a ƙarƙashin wata ƙungiyar sa-kai, Friends of the Rubicon. Suka yi ta fita aikin gayya tare da ƙaramar hukuma: jibga duwatsu a wuraren da ke zaizayewa, tsaga 'yan magudanai da ke karkatar da ruwa daga kan hanya zuwa cikin daji, toshe ɓarauniyar hanya duk inda wani ya fasa. Aka gina gadoji a kan ƙoramun Gerle da Ellis don taya ta daina shiga ruwa, aka kafa makewayi, aka riƙa raba wa direbobi kayan tsane mai idan ya zuba. Kaso mai tsoka na kuɗin ya fito ne daga asusun da jihar ke tarawa daga masu irin waɗannan motoci. A 2014 aka janye umarnin. Ana hawan Rubicon har yau.

Kada a ce na ɓoye wani abu: ƙasar wuraren biyu ba ɗaya ba ce. Yawancin Rubicon a kan falalen dutse take, Tellico kuma a kan ƙasa mai narkewa, kuma a Tellico ma 'yan sa-kai sun yi aiki. Wannan bai rushe maganata ba, sai ma ya ƙara mata wani abu da direbobi ba sa son ji. Akwai hanyar da gyara ke ceto, akwai wadda tun farko a mugun wuri aka tsaga ta, ko aka bari ta zurma har gyaran ya fi ƙarfin kowa. Wanda ya jira sai takardar kotu ta iso kafin ya ɗauki shebur, ya makara.

"Su wasa suke yi, mu dole ce"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma ina ba ta haƙƙinta. Ba'amurken da aka rufe wa Tellico nishaɗin ƙarshen mako ya rasa. Direban da ke ɗauko buhunan masara daga ƙauye ranar kasuwa, ko ɗan acaɓan da ya goyo mace mai naƙuda, ba shi da wata hanya sai ta cikin rafin, don gadar da aka yi ta alkawari lokacin zaɓe har yanzu a bakin 'yan siyasa take. Ba zan tsaya a gabansa in yi masa wa'azin kifi ba.

Amma larura iyakarta tsallakewa. Ba ta halatta bin rafi a tsaye ba, ba ta halatta haura gaɓa a inda ka ga dama ba, ba ta halatta faka mota a tsakiyar ruwa a wanke ta da omo, a canza mata baƙin mai a bakin gaɓa ba. Kuma wanda hanyar ta zame masa dole shi ya fi kowa asara idan ta mutu. Mai wasa ya koma wani dajin. Kai fa?

Tsallake rafi yadda ya kamata ba wani ɓoyayyen ilimi ba ne, tsofaffin direbobin lodi sun san shi. A bi mashigin da kowa ke bi. A sauka a duba, yaron mota ya shiga da sanda ya auna zurfi da taurin ƙasa. A shiga kai tsaye, ba a karkace ba, da ƙaramar giya, a hankali, ba tsayawa ba canza giya. A fita ta sawun da aka saba. In mota ta kafe, a ɗaga ƙafa daga totur, don taya mai juyawa a wuri ɗaya rami kawai take tona wa kanta da na baya; a sauke kaya, a jera duwatsu ko a nemi mai ja. Taɓon tsakiyar hanya kuma, in ƙasansa na da tauri, a bi ta cikinsa. In ba shi da tauri, alama ce yau ba ranar bin hanyar ba ce.

Ko don aljihunka ma. Inji in ya shaƙi ruwa ta inda yake jan iska, ruwa ba ya matsuwa kamar iska, ƙarfen da ke tura fistin ne ke lanƙwashewa, sai a sauke inji. Aksul mai zafi in ya nutse a ruwa mai sanyi yana zuƙar ruwan ciki, man ya koma fari-fari, bayan 'yan makonni ka ji ƙugi a baya. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka na gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ya kai zurfin santimita 30 na iya tafiya da ƙaramar mota, santimita 60 kuma ya ɗauke har manyan jif da motocin ɗaukar kaya. Duk damina muna jin labarin motar da ruwa ya ci da fasinjojinta a mashigi, a ce ƙaddara. Ƙaddara ce, amma akwai wanda ya riƙe sitiyari, kuma sau da yawa ruwan rafin nan da ya cika bayan hadari, in aka ba shi awa ɗaya ko biyu, ya sauka.

"Shanu fa? Tifofi fa?"

Shanu na ɓata gaɓa, ba musu. Amma makiyayi na da mashaya sananniya, kuma inda burtali ke nan ba a cinye shi da gona ba, garke a wuri ɗaya yake sauka. Abin da nake nema daga direba ke nan, ya yi wa kansa wurin sauka guda.

Tifofin yashi kam, nan na yarda da mai ƙorafi ɗari bisa ɗari. Tifa ɗaya cike da jiƙaƙƙen yashi, ta haura daga cikin rafi washegarin ruwan sama, ta fi ƙananan motoci masu yawa ɓarna, ga kuma ramin da aka bari a ƙarƙashin ruwa yana jiran yaran da za su zo wanka. Wannan na bukatar hukuma da doka. Sai dai laifin tifa bai zama lasisi ga Hilux ba. Mu da muka taso muna jin hadisin da ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, da wanda Abu Dawuda ya ruwaito cewa Musulmi sun yi tarayya a ruwa da makiyaya da wuta, bai kamata sai wata ƙungiya ta ƙetare ta zo ta koya mana cewa rafi na kowa ne ba.

A rufe na awanni, don kada a rufe har abada

Direbobinmu masu shiga Kamaru da Chadi sun san shingen ruwan sama. Ƙarfe ne a gicciye a kan hanyar burji. In aka yi ruwa sai a sauke shi, manyan motoci su jira har ƙasa ta tsane. Ba direban da ke son sa, amma hikimar a bayyane take: nauyin da busasshiyar hanya za ta ɗauka ba ta ji ba, jiƙaƙƙiya in ta ɗauke shi ta tashi daga aiki har ƙarshen damina.

Wannan ba sai an jira Abuja ko Yamai ba. Kowace tashar ƙauye na da shugabanni, ƙungiyar direbobi na karɓar kuɗin lodi a kan kowace mota, 'yan tifa da 'yan acaɓa ma na da nasu shugabancin. Wanda zai iya hana direba lodi na kwana uku don ya ɗauki fasinja a bakin hanya ba ta tasha ba, zai iya hana shi don ya fasa gonar mutane ko ya wanke mota a inda ake ɗiban ruwan sha. Daga kuɗin tasha a ware na tifa biyu ko uku na dutse, a zuba a mashigi da gangarensa na kowane gefe a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da rafin ke bushe ana iya aiki a cikinsa. A kafa turaku a nuna iyakar hanya, a dasa jema a inda gaɓa ta fara tsagewa. Aikin yini biyu ne ga matasan gari in direbobi suka kawo dutsen da abinci.

Tsorona ɗaya game da shinge, kuma kowa ya san shi: a ƙasar nan duk ƙarfen da aka gitta a hanya, kafin wata ya zagayo ya zama wurin karɓar na goro, mai kuɗi ya wuce da tifarsa cikin caɓi, talaka ya kwana a baya. Saboda haka kada a danƙa shi a hannun mutum ɗaya. Mabuɗi ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya wurin shugaban tasha, a sanar a masallaci da kasuwa cewa ba a biyan ko sisi, a fayyace irin motocin da ya shafa. Babur da motar da ta ɗauko marar lafiya ko gawa su wuce ko da wane lokaci, tifa da motar itace da ta gawayi su jira sai rana ta bugi ƙasa.